Attaura, Zabura da Linjila: Me Alƙur'ani Ya Gaskata, Me Ya Gyara?

A wata fada da ke Sabon Gari, nan Zinder, ana jiran shayi na biyu ya nuna, wani saurayi ya miƙo mini salularsa. Bidiyo biyu ya buɗe mini. A na farko, wani mai wa'azi ne yake rantsuwa cewa littafin da ke hannun Kirista ƙarya ce daga bango zuwa bango. A na biyu, wani ne daga ɗaya ɓangaren yake jera labarin Annabi Yusuf da na Annabi Musa, yana cewa ai kwafa aka yi daga nasu. Sai yaron ya ce, "Kawu, to wane ne mai gaskiya a ciki?" Na ce masa, "Ɗana, kowannensu ya riƙe ƙafa guda ya ce ita ce saniyar."

Duk yaron Islamiyya ya haddace cewa imani da littattafai yana cikin shika-shikan imani shida, kuma zai lissafa maka su: Attaura ta Musa, Zabura ta Dawuda, Linjila ta Isa, Alƙur'ani na Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su. Ba a cika gaya masa ina sauran ukun suke yau ba, ko mene ne alaƙarsu da littafin da maƙwabcinsa yake ɗauka zuwa majami'a ranar Lahadi. Rikicin daga sunaye yake farawa.

Alƙur'ani yana maganar Linjila a matsayin littafi ɗaya da aka ba Annabi Isa. Wanda ya buɗe Sabon Alkawari kuwa Linjila huɗu zai tarar, ta Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, kuma babu wadda ta ce ita saukakkiya ce ga Isa. Labarin rayuwarsa ne da maganganunsa, wanda mabiya suka rubuta da Girkanci wajen shekara ta 70 zuwa ta 100, alhali shi da harshen Aramiya ya yi wa'azi. In za a nema musu ƴan'uwa a wajenmu, sun fi kusa da sira da hadisi. Bayan Linjila huɗun akwai wasiƙun Bulus da na wasu, jimilla littattafai 27. Tsohon Alkawari shi ma tari ne: Yahudawa suna ƙirga 24, Furotesta sun rarraba waɗannan ɗin zuwa 39, Katolika suna da 46. Attaura biyar ɗin farko ce kawai, kuma babin ƙarshe na ta biyar yana ba da labarin rasuwar Musa da binne shi, abin da malaman Yahudawa na da can suka tattauna a kan wanda ya rubuta shi. Zabura waƙoƙi 150 ne, 73 daga ciki ke ɗauke da sunan Dawuda. Ke nan mai cewa "Baibul shi ne Attaura da Linjila" ya yi gaggawa. Mai cewa "ba su haɗa komai ba" shi ma ya yi, ga dalili.

A Suratul Ma'ida aya ta 48 (lambobin da zan bayar na lissafin Hafsu ne, mai riƙe da Warshu irin na makarantun allonmu zai iya samun ayar gaba kaɗan ko baya kaɗan), Alƙur'ani ya siffanta kansa da kalmomi biyu a jere. Musaddiƙan, mai gaskata littafin da ya gabace shi. Muhaiminan, wanda malaman tafsiri suka fassara da amintacce a kansa, mai shaida, mai tsaro, mai hukunci. Wanda ya taɓa zama wurin darasu a Garin Malam ya san irin wannan aiki. Gardi ya rubuto satu ya kawo, alaramma ya bi allon layi-layi. Inda ya yi daidai ya wuce, inda wasali ya zame ko kalma ta faɗi ya tsaya ya gyara. Ba ya wanke allon gaba ɗaya, ba ya kuma sa hannu a kansa ido rufe. Mai bidiyon farko ya jefar da kalma ta farko, mai na biyu bai ji ta biyun ba.

Gaskatawar kuwa ba ta baki ba ce. Akwai wuraren da Alƙur'ani ya faɗi abin da ke cikin littafin farko, kuma in ka je za ka same shi. Ma'ida aya ta 45 ta ce an wajabta musu a cikin Attaura rai da rai, ido da ido, haƙori da haƙori. Yana nan a littafin Fitowa babi na 21. Suratul Anbiya aya ta 105 ta ce an rubuta a Zabura cewa bayin Allah salihai ne za su gaji ƙasa. Yana nan a Zabura ta 37 aya ta 29. Misalin raƙumi da kafar allura da ke Suratul A'araf aya ta 40 yana cikin Matiyu da Markus da Luka, sai dai can a kan mai dukiya aka buga shi, nan kuma a kan masu ƙaryata ayoyi da girman kai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne salon ba da labarin. Bahaushe in yana magana da ɗan'uwansa ba ya ƙarasa karin magana. Ya ce "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta", sai ya yi shiru, don ya san mai sauraro zai cika. Haka Alƙur'ani yake yi da ƙissoshin annabawa. Littafin Ayuba babi 42 ne, Alƙur'ani ya kawo ƙissarsa cikin ayoyi shida, biyu a Anbiya, huɗu a Suratu Sad. An ambaci sunan Musa sau 136, ya fi na kowane annabi, amma babu wuri ɗaya da aka jero rayuwarsa daga haihuwa har rasuwa. Sai dai a ce "shin labarin Musa ya zo maka?", ko "ka ambaci Maryam a cikin Littafi". Ƙissar Yusuf ce aka kawo tiryan-tiryan cikin sura guda mai ayoyi 111. Wannan salo na mai magana ne da mutanen da labarin ya riga ya shiga kunnensu, yana tuna musu, yana juya shi ya fuskanci tauhidi.

Wajen juyawar ne ake ganin aikin muhaimin, kuma mafi yawan gyaran a kan martabar annabawa da siffar Ubangiji yake. A Fitowa babi na 32, Haruna ne ya ƙera ɗan maraƙin zinariya. A Suratu Ɗaha, Samiri ne ya ƙera, Haruna kuwa hani ya yi. Littafin Sarakuna na farko babi na 11 ya ce matan Sulaimanu sun karkatar da zuciyarsa ga gumaka a tsufansa, Baƙara aya ta 102 ta ce Sulaimanu bai kafirta ba. Farawa, littafin farko na Attaura, ta ce Allah ya huta a rana ta bakwai, Suratu Ƙaf aya ta 38 ta ce an halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida ba tare da wata gajiya ba. A Farawa duk ƴaƴan Nuhu uku sun shiga jirgi, a Suratu Hudu akwai ɗan da ya ƙi shiga ya nitse, don a nuna jini ba ya ceto. Duk wanda ya jera waɗannan zai ga ba tuntuɓe ba ne. Amsa ce ake bayarwa ga maganar da aka sani.

Mu koma ga mai cewa kwafa aka yi. Hujjarsa mafi nauyi ma ba a cikin Baibul take ba. Ƙissar Ibrahim da ya farfasa gumaka ya bar babbansu ba ta cikin Farawa, tana cikin sharhin malaman Yahudawa. Maganar cewa wanda ya kashe rai ɗaya kamar ya kashe mutane duka ne tana cikin Mishna, tarin fiƙihun Yahudawa da aka haɗa wajen shekara ta 200, kuma abin lura, Ma'ida aya ta 32 cewa ta yi an wajabta wa Bani Isra'ila, ba ta ce a cikin Attaura ba. Tsuntsun yumɓu da Isa ya rayar, da renon Maryam a Haikali da ƙuri'ar da aka yi kan wanda zai riƙe ta, suna cikin wasu rubuce-rubucen Kirista na ƙarni na 2 da majami'u ba su sa cikin littattafai 27 ba. Labarin samarin kogo sananne ne a wajen Kiristocin Sham, har Yakubu na Saruj, wanda ya rasu a 521, ya yi masa waƙe da Suryananci.

Wannan kamanni gaskiya ne, musa shi ɓata baki ne. Sai dai ba sabon zargi ba ne. Kuraishawa sun yi shi tun a Makka, Alƙur'ani da kansa ya adana maganarsu: tatsuniyoyin mutanen farko ne aka rubuta masa, inji su a Suratul Furƙan, ko wani mutum ne yake koya masa, inji su a Suratun Nahli aya ta 103, inda aka amsa cewa harshen wanda suke nufi baƙo ne, wannan kuwa Larabci ne bayyananne. Ta fuskar tarihi kuma, tsofaffin kwafin Baibul na Larabci masu ɗauke da kwanan wata na ƙarni na 9 ne, sama da shekara 200 bayan wafatin Annabi, kuma fassarar Attaura ta Sa'adiya, malamin Yahudawa da ya rasu a 942, ta fi su jinkiri. Hadisin Abu Huraira a Buhari ya nuna yadda abin yake a Madina: Yahudawa su karanta da Ibrananci, su yi bayani da Larabci. Shi ya sa masu binciken jami'o'in Turai da yawa a yau sun bar maganar kwafa, suna cewa Alƙur'ani muhawara yake yi da abin da ke yawo a kunnuwan mutanen zamanin. Abin da ya rage tsakaninsu da Musulmi shi ne wa ke maganar. Musulmi ya ce tushen ɗaya ne, wanda ya yi wa Musa wahayi shi ya yi wa Muhammadu, don haka kamanni dole ne. Wanda bai yi imani ba ya ce mutum ne ya ji ya sarrafa. Tsohuwar takarda ba ta raba wannan gardama, kowa da abin da ya shigo da shi yake fita.

Sai mai cewa duk an gurɓata. Kalmar da ake dogara da ita tahrifi ce. Ta zo a Baƙara aya ta 75, da Nisa'i aya ta 46, da Ma'ida aya ta 13 da ta 41: suna karkatar da magana daga wurarenta. Baƙara aya ta 79 ta yi tir da masu rubuta littafi da hannunsu su ce daga Allah yake. Ali Imrana aya ta 78 ta ambaci masu murɗa harshe wajen karatu. Wasu ayoyin kuma zargin ɓoyewa suke yi, ko mantawa da wani sashe. A gefe guda, wannan surar ta Ma'ida ita ce ta ce yaya za su kawo maka ƙara alhali Attaura tana wurinsu, a cikinta akwai hukuncin Allah. Ita ce ta ce mutanen Linjila su yi hukunci da abin da Allah ya saukar a cikinta. Ba a aika mutum ya yi hukunci da abin da babu shi.

Don haka malamanmu na farko ba su taru a kan magana ɗaya ba, abin da ba a cika faɗa a kan mumbari ba. Wasu suka ce lafazin aka canza. Jagoran wannan ra'ayi Ibnu Hazmi ne na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya bi Attaura da Linjila yana tsince saɓanin lissafi da labaran da ya ga ba su dace da annabawa ba. Wasu suka ce ma'ana aka karkatar, rubutun yana nan, kuma Ibnu Haldun ya karkata nan. A cikin Buhari kansa akwai maganganu biyu da aka danganta wa Ibnu Abbas: ɗaya tana cewa ba mai iya gusar da lafazin littafin Allah, fassara ce suke karkatarwa, ɗayar tana hana tambayar Ma'abota Littafi saboda sun canza sun rubuta da hannunsu. Ibnu Taimiyya ya tsaya tsakiya, ya ce an taɓa wasu lafuzza amma da yawa sun saura. Biƙa'i, wanda ya rasu a 1480, har nassoshin Baibul ya riƙa kawowa a tafsirinsa, malaman Alƙahira suka taso masa, ya rubuta littafi guda yana kare kansa. Ni a ganina ƙissar jifa da ke Buhari ta fi kowane dogon bayani haske: aka kawo Attaura gaban Annabi, mai karatu ya ɗora hannu a kan ayar jifan mazinata, Abdullahi ɗan Salam ya ce ɗaga hannunka, sai ga ta. Ayar tana nan, hannu ne ya rufe ta.

Zafin da muke ji a wa'azin yau yawancinsa na baya-bayan nan ne. Ya biyo ta muƙabalar da Rahmatullahi Kairanawi ya yi da wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Fanda a Agra ta Indiya a 1854, sannan ta kaset-kaset ɗin Ahmad Didat na Afirka ta Kudu da suka zaga garuruwanmu.

Tsofaffin rubuce-rubucen da aka tono kuwa wuƙa ce mai baki biyu. Daga 1947 aka fara samun naɗaɗɗun fatu a kogunan Ƙumran, bakin Tekun Gishiri. Cikinsu akwai littafin Ishaya cikakke wanda ya girmi haihuwar Annabi Isa, kuma da aka gwada shi da kwafin da suka zo bayansa da shekara dubu, bambancin yawanci na rubutun kalma ne. Wannan ya yi wa Kirista da Bayahude daɗi. Amma littafin Irmiya na tsohuwar fassarar Girkanci ya gaza na Ibrananci da kusan kashi ɗaya cikin takwas. Kwafin Baibul na Sina'i, na ƙarni na 4, wanda mafi yawansa ke Landan, ba shi da ayoyi 12 na ƙarshen Markus, ba shi da labarin matar da aka kama da zina da ke Yahaya babi na 8. Wannan kuma ya yi wa Musulmi daɗi. Abin da ya fito fili shi ne littafin da ke hannun Kiristocin zamanin Annabi kusan shi ne na yau. Mai cewa bayan zuwan Musulunci aka zauna aka goge sunan Annabi daga dukkan kwafin duniya, na Girkanci da Suryananci da Habashanci da Latin, ya ɗauko kayan da ba zai iya kaiwa gida ba. In za a yi maganar canjin lafazi, sai a nema shi can baya, tsakanin annabawan da lokacin da aka rubuta littattafan.

Nan ne maganar bushara take shigowa. A'araf aya ta 157 ta ce suna samun Annabi a rubuce a Attaura da Linjila, Suratus Saffi aya ta 6 ta kawo Isa yana bushara da Ahmad. Malamai sun daɗe suna nuna Maimaitawar Shari'a, littafi na biyar na Attaura, babi na 18 aya ta 18, annabi kamar Musa daga cikin ƴan'uwansu, da Mai Taimako da aka yi alkawari a Yahaya babi na 14 zuwa 16. Kirista ya ce na farko Isa ne, na biyu Ruhu Mai Tsarki. Gardamar fassara ce, tsohuwa, kowa yana da abin faɗa. Wanda zan roƙi matasanmu su ajiye shi ne Linjilar Barnaba da ake ta turawa a WhatsApp. Kwafinta da aka sani na Italiyanci ne da Sifaniyanci, ba su girmi ƙarshen ƙarni na 16 ba, a 1908 aka buga ta da Larabci a Masar. Tana sa Isa ya ce shi ba Almasihu ba ne, alhali Alƙur'ani ya kira shi Almasihu sau 11. Shaidar da ta ƙaryata wanda ya kira ta, me za a yi da ita a gaban alƙali?

Akwai kuma abin da muka karɓa daga wajensu ba mu sani ba. A duk Alƙur'ani mace ɗaya aka kira da sunanta, Maryam. Hauwa'u da Saratu da Hajara ta hadisi muka same su, kuma suna cikin Farawa. Habila da Ƙabila "ƴaƴan Adamu biyu" kawai aya ta ce. Bilkisu da Zulaihatu, da muke raɗa wa ƴaƴanmu a Birni da Zango, ba su cikin Alƙur'ani, ba su cikin Baibul, ta littattafan ƙissa suka iso. Irin wannan ake kira Isra'iliyyat, yawanci ta hanyar Ka'abul Ahbar da Wahabu ɗan Munabbihi, kuma wani abin da ake ji a tafsirin azumi daga nan yake. Ibnu Kasir ya kasa shi uku: wanda namu ya gaskata, wanda ya ƙaryata, da wanda ya yi shiru a kansa, shi kuma ba a gaskata shi ba a ƙaryata shi, kamar yadda hadisi ya umarta. Ko ɗan da aka umarci Ibrahim ya yanka, wanda muke tunawa duk Babbar Salla, Suratus Saffat ba ta faɗi sunansa ba. Farawa babi na 22 ta ce Ishaƙu. Ɗabari ya rinjayar da Ishaƙu, Ibnu Kasir ya kafa hujja a kan Isma'ila, kuma nan akasarin Musulmi suka tsaya.

Inda ba gada kuwa, babu ita. Nisa'i aya ta 157 ta ce ba su kashe Isa ba, ba su gicciye shi ba. Linjila huɗun nan duk a kan gicciye da tashi daga matattu suka ginu, in ka zare shi ba abin da zai tsaya. Suratul Ihlas ta ce Allah bai haifa ba, ba a haife shi ba. Mai son zaman lafiya da ya ce ai duk abu ɗaya ne bai kyauta wa kowanne ɓangare ba.

Wani abin da ke sa a yi ta magana ba a jin juna shi ne kalmomin sun zama na tarayya. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun zauna a Zinder tun 1924, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932 bayan aikin su Likita Mila na Zariya, kuma masu fassarar sun ɗauki kalmomin da suka tarar a bakin Bahaushe: Allah, annabi, mala'ika, Zabura, Almasihu. Sai kowa ya ce "Maganar Allah" yana nufin abu dabam. A wajen Musulmi, littafi saukakke lafazinsa na Allah ne harafi-harafi, shi ya sa wasali ɗaya ke tsayar da darasu. A wajen Kirista, Kalmar Allah da ta sauko shi ne Almasihu kansa, littafin kuwa shaida ce da mutane suka rubuta bisa hurarwar Ruhu, kowa da salonsa. Don haka in saurayinmu ya je wa fasto da maganar ƙarshen Markus yana jiran ya ga ya rikice, yawanci sai faston ya buɗe nasa bugun, ya nuna masa an riga an rubuta haka da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafin.